Na Yau Dai Yana Nan

Warin ruɓaɓɓiyar albasa yana da ɗan zaƙi a farko, daga baya yake sauka maƙogwaro ya zauna. Da shi nake farkawa a daminar da na gama makaranta na dawo gida Aliero, shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye.

A bayan ɗakin Inna akwai rudu, rumfar kara da ake shimfiɗa albasa a kai don iska ta riƙa ratsa ta. A nan Baba ya ajiye albasar da za a dasa bayan ɗaukewar ruwa, ta yi fure ta ba da iri. Daga hannun mahaifinsa ya karɓi irin nan, bai taɓa sayen na kasuwa ba, kuma da shi yake tinƙaho har bayan bakinsa ya karkace. A wannan shekara laima ta shiga rudun.

Kullum da safe ni da Inna mukan durƙusa muna latsa wuyan kowace albasa. Wadda ta yi laushi sai kwandon shara. Nakan shagala da kallon ɗigon ruwa a bakin kara har sai Inna ta zungure ni. Baba yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, inda yake ganin duk mai shigowa, tambayarsa ɗaya ce, ko iri na nan. Inna takan ce, "Na yau dai yana nan, Malam."

Wata rana malamin da ke karatu a rediyo ya zo kan Bani Isra'ila a cikin jeji. Ya faɗi yadda abinci yake sauko musu kowace safiya ba su noma ba, ga kuma tsuntsun salwa, har suka gundura suka roƙi abin da ƙasa ke tsirarwa. Yana lissafawa ya kai kan albasa. Baba ya yi dariyar da rabin fuskarsa kawai ya amsa, ya ce ashe sana'armu ce ta ja musu faɗa.

"Mutanen nan sun san miya," in ji Inna. "Roƙon ne ba su iya ba."

Ni ban yi dariya ba. Na tausaya musu. Na san gajiyar wayewar gari iri ɗaya, da tafiyar da ba a ganin ƙarshenta.

Akwai wata malama Kirista da ke haya kusa da mu, tana koyarwa a Jiga Birni. Da yamma takan shigo gaida Baba da jakarta a kafaɗa, ta wuce bayan ɗaki wurin Inna. Da na ba ta labarin karatun rediyon sai ta ce su ma suna karanta shi, kuma a nasu karatun duk wanda ya ɓoye abincin nan don gobe yakan tarar ya yi tsutsa. Na ce to mu ina za mu sa kanmu, mu da ajiya ce rayuwarmu. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ta dai san an ce su tsinci na yini.

A tsakiyar damina kwandon shara ya fi abin da ke kan rudun nauyi. Farcena ya yi baƙi, mayafina duk warin. Na tambayi Inna a hankali ko tana ganin za mu kai lokacin dashe. Ba ta ɗago ba.

"Ɗiyata, ba a ba mu aikin wancan wata ba. Latsa wagga."

Na latsa, mai ƙwari ce. Kullum sai na yi tsammanin gobe za mu tarar da rudun ya ƙare, kullum kuma sai a samu 'yan masu ƙwari a gefe. Na daina tambaya, gajiya ce ta sa ko imani, har yanzu ban rarrabe ba.

Aka dasa abin da ya rage. Da ya yi fure aka ɗauki Baba a amalanke zuwa fadama, ya daɗe yana kallon fararen kawunan nan suna kaɗawa, ya ce irin tsohonsa bai mutu a hannunsa ba. Bai ga damina ta gaba ba.

Sai bayan na yi aure, a wani suna a Maiyama, ƙanwar Inna da ke zaune a Jiga Birni ta faɗa mini a cikin hira, tana zaton na sani. Albasar Baba ta ruɓe kaf tun kafin gero ya fitar da kai. Waɗanda muka dasa daga rudun ita ƙanwar Inna suka fito, 'yan kaɗan kowace yamma, a cikin jakar malamar.