Injin hura garwashin Kaka

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na gaji da fifita garwashin Kaka.

Gwiwoyinta na ciwo, kuma ba ta yarda da hitar lantarki ba. Da ɗan sanyin Jidda ya shigo, sai an hau da ita saman bene an ajiye mata kaskon gawayi kusa da ƙafa. Ni ke fifitawa har kafaɗata ta yi tsami, ita kuma tana ta ba ni labarin ƙauyensu da Hausarta mai sauri, rabi nake ganewa.

Makon jiya Yaya Fahad ya sayo ɗan injin hura wuta a kasuwar Balad, mai batir. Ana dannawa garwashi ya yi jajir. Na ce halas, shi ke nan, na huta. Sai in hura mata in sauko wurin wayata.

Jiya ina shirin sauka ta riƙe bakin abayata.

"Ƙawata, har kin gama?"

"Ai ya kama, Kaka. Ya ma fi na da zafi."

"Ya fi kam. Sai dai da, kafin ya kama, ina da mai ce min 'to, sai aka yi yaya?'"

Ta sake ni, ta ce, "Yalla, je ki."

A gidanmu kowa Larabci yake yi, ban da Kaka.

Yau na cire batirin na ɓoye, na ɗauko mafici. Kafaɗar ba ta daina ciwo ba. Masu kaka a gida, wa ke zama da taku?