Rigar da Baba Yake Zama a Kanta

Shekara shida ke nan da teku ya ci mahaifina, Malam Garba, kuma shekara shida ke nan ina jin ana ba da labarinsa a karkace. Duk walima, duk suna a Greensboro, garin da muke zaune a ƙasar waje, sai wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Allah ya ji ƙan Sarkin Ruwa, ba a yi gwani irinsa ba." Mama ta sunkuyar da kai, ni kuma in tashi in bar wurin. Bana ba zan tashi ba. Ƙanena Nura ya yaye tampol ɗin da muka rufe kwalekwalen Baba da shi a bayan gida, ya gyara injin, kuma ranar Asabar mai zuwa zai fita teku.

Ga wanda bai san Baba ba: Basarke ne, ɗan Sarkawa masunta daga Yawuri, cikin kogin Kwara ya buɗe ido, kamun kifi ne gadon gidansu. A nan kuwa motar ɗaga kaya yake tuƙawa a wani sito, aikin da bai taɓa yi mana hirarsa ba ko sau ɗaya. Greensboro ba ta da teku. Sai ya idar da sallar asuba ranar Asabar, ya ɗaura kwalekwale a bayan tsohuwar motarsa, ya nausa gabas har inda titi ya ƙare. Da farko daga gaɓa yake jefa ƙugiya, ya kafa doguwar sanda cikin yashi ya zauna yana jira. Da ya samu kwalekwale mai inji, gaɓa ta daina isarsa.

Kifin shak yake kamawa. Ba manyan nan da ake tsorata yara da su ba, ƙanana, tsawon hannun mutum ko ɗan fiye, wasu masu tsinin hanci, wasu kansu kamar shebur. Mutanenmu sun ƙi ci da fari, wai kifi mai cin mutum. Sai da liman ya ce abin da ke cikin teku halal ne, sannan masu ƙyamar suka fara zuwa da kwanukansu. Baba yakan yi bandarsa a bayan gida, hayaƙi ya cika layinmu, maƙwabta su leƙo ta kan shinge suna tambayar me ake gasawa.

Ban taɓa ganin mutum mai kiyayewa irinsa ba. Shak yana hawowa zai tsaga shi wajen wutsiya jini ya tsiyaye, ya fitar da kayan ciki, ya binne shi cikin ƙanƙara. Ya ce in ka yi jinkiri naman zai yi zarnin fitsari, ba yajin da zai ɓoye shi. Wanda doka ta hana ɗauka, ya mayar da shi ruwa. Ƙugiya ya duba, igiya ya duba, mai ya duba. Abu ɗaya ne bai taɓa kulawa da shi ba: rigar ceto, wadda ake ɗaurawa a ƙirji don kada mutum ya nutse. Doka ta ce a ɗauke ta a jirgi, don haka yana ɗauka. Sai ya ninke ta biyu ya zauna a kanta. A wurinsa, Basarke ya ɗaura abin da zai riƙe shi a saman ruwa abin kunya ne, kamar mahauci ya nemi a yanka masa kaza.

Ranar da abin ya faru, da Alhaji Isufu suka fita, amininsa mutumin Tawa, direban babbar mota, wanda ko kududdufi bai taɓa shiga ba. Baba da kansa ya ɗaure masa tasa rigar har wuya. Alhajin ya ce duk da haka Baba ya yi ta yi masa tsiya tun daga gaɓa: "Alhaji, ka koma kabewa. In ka faɗa ruwa shak ma zai ɗauka kayan miya ne." A bakin mashiga, inda ruwan ciki ke haɗuwa da babban teku, igiyar ruwa ta bugi kwalekwalen a gefe, ya kife da su. Lokacin sanyi ne, kuma ruwa na janyewa waje. A kogi, komai ƙarfin ruwa, akwai gaɓa hagu da dama, ka bi shi a hankali ya kai ka. A can babu. Wasu masunta suka tsamo Alhaji Isufu yana yawo a sama kamar gora, yana salati. Rigar Baba ma an tsamo ta, a ninke. Shi kuwa sai daga baya ruwa ya dawo mana da shi.

Wannan ne labarin. Wanda bai iya iyo ba ya dawo gida ya ci tuwo, gwani aka yi wa sutura. Amma ba haka ake faɗa ba. Cewa ake kwana ne ya ƙare. Na yarda, kwana ya ƙare, ni ma musulma ce. To amma wanda ya ce a dogara ga Allah, shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Nura yana da waya mai gaya masa ƙarfin iska da lokacin da ruwa zai cika ko ya janye. Baba zai yi dariya, ya ce yaro na tambayar waya abin da fatar jikinsa ya kamata ta gaya masa. Amma da ya ga yadda Nura ke ƙulla ƙugiya, da yadda yake cije leɓe in yana jan igiya, na san zai ji daɗi. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma duk wanda ya ga Nura a masallaci abin da yake gaya masa ke nan. "Kyan ɗa ya gaji ubansa." Yaron da a tafkin makaranta ya koyi iyo, ana hura masa kai da sunan Sarkawa.

Na same shi yana wanke kwalekwalen, na ce, "Rigar fa?"

Da Turanci ya amsa, kamar kullum in ba ya son magana, wai tana ciki. Na ce ban tambaye ka inda take ba.

"Yaya Hauwa, ke fa ba Mama ba ce," ya ce da Hausarsa mai tsami. "Baba bai taɓa sawa ba."

"Shi ya sa kake wanke jirginsa kai kaɗai."

Ya ajiye tiyon, bai ƙara kallona ba. Mama tana tagar kicin, ta ji komai. Tun ranar da aka yaye tampol ɗin nan take dafa abinci ba ta ci.

Na je wurin Alhaji Isufu, na ce ya yi masa magana, shi ne ya gani da idonsa. Ya daɗe yana juya carbi. Ya ce, "Ɗiyata, da wane baki? In na ce ya sa riga, kamar na ce ubansa wawa ne. Ni da na dawo na bar shi can." Na gane. Kunya ce ta hana Baba ɗaura rigar, kunya ce kuma ta rufe bakin wanda rigar ta ceta. Kunyar nan ta ci mana mutum ɗaya, ya isa.

Don haka na gaya wa Nura da ni za a je. Ban iya iyo ba, ina jin jiri ko a kan gada, amma na karɓi hutu a wurin aikina na Elm Street. Ya yi faɗa, ya ce zan ɓata masa kamu. Washegari ya shigo da sababbin riguna biyu, ya jefa mini ɗaya a kan kujera, ya tsaya sai da ya ga na gwada, ya ja maɗaurin da kansa har numfashina ya sarƙe. A nan na ga Baba sak, mutumin da ba ya barin kifi ya yi zarni, ba ya barin amininsa ya hau ruwa ba a ɗaure ba. Wannan ne ya rage mana daga gare shi, kuma ina so. Ɗayan gadon ne nake roƙo a binne.

Ku dattawan da za ku ga Nura ranar Juma'a bayan salla, ku ne yake jin maganarku, ba ni ba. In za ku yabi Malam Garba, ku yabe shi, ya cancanta, Allah ya ji ƙansa. Amma ku ƙarasa labarin. Tawa rigar na gwada, ta yi mini daidai. Ta Nura har yanzu tana cikin ledarta.