Fawa-fak Mai Lambar Sito

Akwai safiyar wata Talata da har gobe ban manta da ita ba, ranar da kwamfutar ofishinmu ta mutu sau uku, na ƙarshen a gaban manaja, har ya daina kallonta ya koma kallona. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna ganin na cika tsanani a kan duba fawa-fak kafin a ƙara wa inji kaya. Ina jin gunagunin da kuke yi in na juya baya. To, ku gyara zama ku ji inda abin ya samo asali.

Lokacin ni ne mai kula da na'urori a ofishin wata ƙungiyar manoma da ke yankin Bagwai. Aikinmu auna gonakin mambobi, don a san takin da ya dace da kowa. Akan tashi ɗan jirgin nan marar matuƙi ya ɗauko hotuna daga sama, sai Malama Binta, mai zanen taswira, ta haɗa su a kwamfutar tebur ta ja layin kowace gona. Sama da mu duka akwai manaja, Alhaji Tasi'u, tsohon malamin gona. Mutum ne mai gaskiya, amma bai yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba, kwamfuta kuwa kallon mayaudariya yake mata.

Injin namu ya tsufa, hotunan sun yi masa nauyi. Binta takan buɗe taswira ta tafi ta yi alwala ta yi salla ta dawo, ta tarar bai gama ba. Sai na ba da shawara a sayo katin girafik. Ga wanda bai sani ba, wani allo ne da ake sokawa a cikin kwamfuta, shi ke ɗaukar nauyin hoto da zane. Amma yana da cin wuta. Wutar kuwa daga fawa-fak take fitowa, wato akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke lungun injin, wanda ke karɓo wuta daga bango ya raba wa kowane sashe gwargwadon buƙatarsa.

Ƙa'idar aikin abu uku ce, kun kuma san ta. A duba ko katin zai shiga akwatin kwamfutar, a duba ko raminsa ya dace, a duba ko fawa-fak zai iya ciyar da shi. Na biyun farko na yi su yadda ya kamata, har da tef na auna. Na ukun ne na yi wa aikin ganin dama. Kwalin katin ya ce yana son wutar da ta kai wat ɗari biyar da hamsin. Na haska fitilar waya a jikin fawa-fak, na ga takardar da ke manne ta ce ɗari shida, na ce shi ke nan. Ko kusa ɗaya ban kwance ba.

Akwai abin da ya kamata ya farkar da ni. Katin yana buƙatar wata waya mai baki takwas, na laluba cikin wayoyin fawa-fak ban same ta ba. Fawa-fak mai ɗari shida ya rasa wannan wayar? Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ɗauko adafta na haɗa ƙananan wayoyi biyu suka ba ni bakin da nake so. Injin ya tashi. Taswira ta buɗe kafin Binta ta gyara mayafi. Sati biyu ina yawo a ofis kaina a sama, ana yi mini sannu da ƙoƙari.

Ana cikin haka rigimar iyaka ta taso. Wanda ya san ƙasarmu ya san gona a jikin gona take, babu daji a tsakani, layin gamba ne kawai ke raba na wane da na wane. Wani dattijo, Malam Isiyaku, ya kai ƙara wurin dagaci cewa maƙwabcinsa ya matso da gamba cikin gonarsa. Dagaci ya aiko ofis yana son a ɗora hoton da aka ɗauka shekara uku da suka wuce a kan na bana, a ga ko layin ya motsa. Ya sa ranar Asabar don zama. Saboda muhimmancin abin, manaja ya sa aka sauko da jirgin ƙasa-ƙasa, aka ɗauki hotuna rututu, ninkin abin da aka saba.

Maƙwabcin da ake ƙara kuwa Alhaji Mamman ne, mahaifin matata.

Ranar Talatar Binta ta ɗora hotunan biyu. Fankar katin ta ɗauki kuka, sai ɗif, komai ya ɗauke. Ta kunna, ta sake gwadawa, ɗif. Ta kira manaja. Ya ce ta buɗe taswirar wani ƙauye, ta buɗe lafiya lau. Ya ce ta buɗe wata, ita ma haka. Ya ce to koma kan waccan. Ɗif.

Ya juyo a hankali ya ce, “Nura, gonar waye wannan?”

Na ce, “Ta Malam Isiyaku ce da ta Alhaji Mamman, ranka ya daɗe.”

“Wane Alhaji Mamman?”

Ya sani sarai. So yake in faɗa da bakina. Na ce, “Surukina.”

“Waye ya buɗe injin nan kwanan nan?”

“Ni ne.”

“Ikon Allah,” in ji shi. “Inji ya san kowace gona a ƙasar nan, amma in ya zo kan ta surukinka sai ya suma.”

Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya karɓi makullin ɗakin na'urori daga wurina ya jefa a aljihu. Ya ce in Asabar ta zo taswirar ba ta buɗe ba, zai rubuta wa shugabannin ƙungiya abin da idonsa ya gani, su kuma su san yadda za su yi da ni. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki a wurin aiki irin na ranar ba. Shekara bakwai ina riƙe da makullin nan ko batir bai ɓace ba.

Kafin la'asar zance ya zaga gari. Na tsaya shan shayi a tasha, hira ta mutu da zuwana. Wani mai babur ya ce mini cikin raha, “Injiniya, ashe har kwamfuta ana yi wa kurciya?” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Abin kunyar shi ne ni ma zargin na shiga rabawa. Na fara da Binta. Na tuna ƙaninta ya gama karatun kwamfuta yana zaune ba aiki, na ce a raina ko kujerata ake share masa. Baiwar Allah ta gaishe ni da safe na amsa mata a daƙile. Daga nan na koma kan mai haɗa mana sola. Daga ƙarshe na tattara komai na ɗora wa Malam Auwalu, mai shagon da na sayi katin a Kano. Na yanke hukunci tsohon kati ya wanke ya sa mini a sabon kwali.

Na roƙi manaja a kai injin Kano. Ya yarda, da sharaɗin shi zai ɗauka a motarsa, ni kuma kada hannuna ya taɓa. Ranar Alhamis muka tafi, injin yana kujerar baya an lulluɓe shi da darduma, mu kuma a gaba.

Ina shiga shagon ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, “Malam Auwalu, ka ji tsoron Allah. Mataccen kati ka sayar mini.”

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Sannunku da zuwa. Alhaji, bismillah ga kujera.” Ya zare katin ya soka a nasa injin, ya ɗora masa aiki mai nauyi, muka zauna muna kallo kusan rabin awa. Ko gezau. Sannan ya dawo kan namu, ya ga adaftar da na haɗa, ya dube ni ta saman tabarau. Ya kwance kusoshi huɗu ya ciro fawa-fak, ya ɗaga shi a tafin hannu yana jinjinawa, yadda mai sayen kaza ke yi a kasuwa.

“Wannan ne ɗari shida?” Ya miƙa wa manaja, ya ɗauko wani daga kanta ya ɗora masa a ɗaya hannun. “Alhaji, kai manomi ne. Wanne ne mai kaya a ciki?”

Manaja ya ce, “Namu ai kamar gwangwani.”

Malam Auwalu ya bar shi ya huce tukuna, domin fawa-fak yana riƙe wuta ko an cire shi daga bango, kuma ina gargaɗinku kada wanda ya kai yatsa ciki da garaje. Da ya buɗe, sai ga wani ɗan ƙaramin allo a tsakiyar fili, ramukan kusarsa ma ba su dace da na gidan ƙarfen ba, da waya aka ɗaure gefe guda. Ya ce in wannan ya kai ɗari biyu da hamsin ya yi ƙoƙari. Ya yi wa manaja bayani cewa ƙananan taswirori ba sa sa katin ya ja wuta sosai, shi ya sa suke buɗewa. Waccan kuwa, mai hotuna ninki-ninki a kan juna, ita ke sa katin ya buɗe baki gaba ɗaya, sai fawa-fak ya kasa ya yanke.

Har na fara jin sanyi a raina, sai manaja ya ce, “To waye ya canja masa ciki?”

Idona ya faɗa kan lambar sito, wadda ofis ke sa wa kayansa, da aka rubuta da jan fenti a jikin gidan. Na tuna.

Shekara biyu kafin nan tsawa ta ƙona wannan fawa-fak ɗin. A tsarin ofishinmu, gyara manaja ke sa hannu a ranar, amma sayen sabo sai kwamiti ya zauna, kuma duk abin da ke da lambar sito ba a jefar da shi sai masu bincike sun zo sun gani. Aiki ya tsaya, ni kuma ina gaggawa. Sai na kai wa wani mai gyara ranar kasuwa, na ce masa, “Ka yi yadda za ka yi ya tashi, amma gidan nan ka dawo mini da shi, akwai lamba.” Ya dawo mini da shi yana aiki. Ban tambaye shi abin da ya yi ba, shi ma bai faɗa ba. Ashe kayan cikin wani ƙarami ya zuba. A wurinsa ya cika umarni, ga gida ga lamba, ga fanka tana juyawa. Tsohon injin kuma ba ya cin wuta, don haka asiri bai tonu ba sai da na kawo masa mai ci.

Da na so, da na ce ban sani ba, babu mai kama ni. Amma zargin sai ya koma kan Binta ko mai kula da sito, ni kuma na riga na ɗanɗana. Na faɗa musu komai.

Manaja ya juyo gare ni. Ya ce, “Wato dai kai ne.”

Na ce, “Ni ne, ranka ya daɗe, amma ba ta inda kake zato ba.”

Na juya na ba Malam Auwalu haƙuri a gaban mutanen da na ci zarafinsa a gabansu. Ya ce babu komai, amma gaba in riƙa yin sallama kafin in fara shari'a. Muka ɗauki sabon fawa-fak mai nauyi, mai wayarsa ta baki takwas, manaja ya ce shi zai ji da kwamiti. Na roƙi manaja kada a ɗaura shi sai ranar Asabar, a gaban kowa.

Haka aka yi. Dagaci ya zo ofis da mutanensa, ga Malam Isiyaku a wannan benci, ga surukina a wancan. Na ɗaura fawa-fak ɗin suna kallo. Binta ta ɗora hotunan. Fanka ta ɗauki kuka, taswira ta buɗe tar. Layin gamba na da yana nan, na bana yana nan, tsakaninsu wajen taku shida, duk a cikin gonar Malam Isiyaku. Babu wanda ya buƙaci a yi masa fassara.

Na ɗauka a nan zargi zai ƙare. Malam Isiyaku ya miƙe yana gyara hula, ya ce yadda kowa zai ji, “Da ba a tsare yaron nan ba, da har yau injin a sume yake.” Surukina kuwa a bakin ƙofa ya tsaya. Na durƙusa na ce, “Baba, a yi haƙuri.” Ya ce, “Na ji har Kano ka je takanas ka sayo abin da za a tozarta ni da shi. Allah ya yi albarka.” Ya sa takalminsa ya tafi.

Ranar Litinin na tarar da makullin a kan teburina. Manaja bai ce ya yi kuskure ba, ni ma ban nema ba, domin rabin kuskuren nawa ne. Binta na je na samu da kaina na gaya mata abin da na raya a kanta. Ta yi dariya ta ce ta lura, ta kuma yafe.

Abin da na koya ke nan. Takardar da ke jikin fawa-fak labarin gidan take bayarwa, ba ta san abin da aka zuba a ciki ba. Ku kwance, ku ɗaga ku ji nauyi, ku ƙirga wayoyi, in wadda ya kamata a samu babu ita, ku tsaya ku tambayi dalili kafin ku nemi adafta. In kun kai gyara, ku tambayi abin da aka cire da abin da aka sa. Sannan ku tuna a inda muke aiki kowace gona ta ɗan'uwan wani ce, inji kuma ba ya iya rantsuwa ya wanke ku. Ni gaskiyata ta fito a gaban dagaci da shaidu, aikina ya tsira. Amma yau shekara huɗu ke nan, in na gai da mahaifin matata yana amsawa, sai dai bai ƙara kiran sunana ba.