Dutsen Iyaka a Gonar Yaya

Gonar mahaifinmu tana bayan Malisa, doguwa ce, ta taso daga kan tudu ta gangara har bakin fadama. Da ya rasu, dattawan unguwa suka zo da igiya suka auna tsawo da faɗi, suka raba ta biyu tsakanin yayanmu da ƙanenmu. Ni ne na tsakiya, lokacin na riga na kama aikin koyarwa a Kalgo, sai na karɓi rabona a dabbobi, waɗanda ban daɗe ba na ga bayansu. Yaya aka ba zaɓi saboda shi ne babba, ya ɗauki tudu, domin can gawon da Baba yake hutawa a gindinsa yake. Ƙanenmu ya samu gangare, yana ta ƙunƙuni wai an bar masa wurin da ruwa yake kwanciya.

A wajenmu ba a barin dutsen iyaka a tsaye. Marmara doguwa ake samowa, a haƙa rami a kowace kusurwa, a binne ta har kanta ya yi daidai da ƙasa, don kada shanu su ture ta, kada kuma maƙwabci mai son banza ya ga sauƙin matsar da ita. Ranar nan Yaya ne ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana takawa da ƙafa, yana tabbatarwa sun shafe.

Shekarun farko babu wanda ya ga bambanci. Daga baya geron Yaya ya fara ja da baya. Karansa ya sirance, zangarniya ta gajarce, tsakuwa ta fara leƙowa tsakanin kunyoyi. Na ƙanenmu kuwa sai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa. Ƙanen nan namu mutumin kirki ne, amma ban taɓa jin an ce rana ta fito ta same shi a gona ba. Yaya da sallar asuba yake fita, sai la'asar sakaliya a gan shi. Ya kai taki da jaki, ya roƙi Fulani su kwana da shanu a gonar, ya sauya iri. Kowace kaka dai rumbunsa yana tsayawa a rabi.

Mahaifiyarmu, Inna, idonta ya riga ya yi rauni, amma tana sane da dammunan kowa, domin da hannu take shafa su in an shigo da su. Ita a wurinta maganar ba ta da wuya. Gona ɗaya ce, ruwa ɗaya ne yake sauka a kanta, to in ɗaya ya samu ɗaya ya rasa, ai a hannu matsalar take. Wata rana ina zaune ta faɗa masa a fili.

“Gonag ga ba ta taɓa ƙin ubanku ba. Kai dai raggo na. Bana in anka yi girbi, ka bar ma ƙanenka ita shi noma.”

Yaya ya ce, “To, Inna.”

Gadonsa ce, babu alƙalin da zai karɓe ta daga hannunsa. Amma na san Yaya, in Inna ta ce ya bari, zai bari, ya kuma ɗauki sunan raggo ya ci gaba da yawo da shi a gari. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don na san ba gaskiya ba ne, kuma ba ni da abin da zan nuna.

A Kalgo ina da maƙwabci da yake aikin binciken ƙasa. Da na ba shi labari, ya ce wataƙila ruwa ne yake wanke gonar. Na ce ai babu kwazazzabo a cikinta. Ya ce ba lallai ba ne, akwai zaizayar da ba ta tsaga ƙasa, a hankali take ɗebe saman gona ko'ina, kamar yadda ake yaɗe kan nono. Ya koya mini yadda ake ƙiyastawa: a kafa ƙarafuna a wurare daban-daban kafin ruwan fari, a shafa fenti daidai inda kowanne ya haɗu da ƙasa, a bar su kada a taɓa. Bayan damina a dawo a auna tazarar da ta fito tsakanin fentin da ƙasa, a haɗa da girman gonar, a san abin da ya tafi.

Na sayi guntayen rodi a wajen mai walda, na ɗaure su a bayan mashin, na je na kakkafa. Na yi wa Yaya bayani mai tsawo irin na malaman makaranta, yana ta cewa to. Da zan tafi na ce ya kula mini da su.

Ya kuwa kula. Da na koma bayan an ɗauke ruwa, ban ga fenti ko ɗaya ba. Kowane rodi yana tsaye cikin tulin ƙasa mai kyau, an tattaro masa ita a gindi, an daddanna, babu ko tsinken ciyawa kusa da shi. Ashe duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi ya ga gindinsu ya fara zarewa, sai ya sa hauya ya tara musu ƙasa, yadda yake yi wa gero.

“Na ga za su hwaɗi,” in ji shi. “Kai kac ce in kula da su.”

Bisa awon da na yi, gonar Yaya ƙaruwa ta yi a daminar nan. Na rasa ko dariya zan yi ko faɗa. Mutumin da ake kira raggo ya yi wa ƙarfe noman fari da maimai. Na je kusurwar gonar kusa da gawo na nemi wuri na zauna, ina tunanin damina guda ta tafi a banza, ga girbi ya zo.

Na jima a zaune kafin na lura da abin da nake zaune a kai. Dutsen iyaka ne. Ya fito daga ƙasa kamar kujerar tsuguno, gefensa har ya yi santsi, domin Yaya ya daɗe yana wasa hauya a jikinsa. A hankali ya fito, shekara bayan shekara, har ido ya saba da shi. Na kira Yaya na tambaye shi wa ya tono shi. Ya ce babu. Na ce ya tuna ranar da ya taka shi da ƙafa? Ya tsaya yana kallon dutsen.

Ya karya karan gero, ya tsayar da shi a jikin dutsen, ya yanke daidai kansa. Ya kusa kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Daga nan muka gangara gonar ƙanenmu, muka nemi dutsen kusurwar bakin fadama. Ba mu gan shi ba. Ƙanenmu ya nuna mana wurin da yake zato, muka yi ta tono cikin baƙar ƙasa mai laushi har hauya ta yi ƙara. Dutsen yana nan inda aka binne shi, ƙasa ce ta hau kansa. Ƙanenmu ya cire hula ya sosa kai, ya ce shi wallahi bai ɗauko ƙasar Yaya ba. Yaya ya ce ya sani.

A tsaye a wurin na gwada lissafin da maƙwabcina ya koya mini, tsawon karan da faɗin gonar, in ga ko amalanke nawa za ta kwashe ƙasar da ta tafi. Abin da ya fito ya yi yawa, har na ga babu amfanin faɗa. Ban da wadda ta wuce fadama ta bi gulbi, wannan ba ta gonar kowa.

Da la'asar muka shiga wurin Inna. Tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Yaya ya durƙusa ya sa mata karan a hannu, ni na yi bayani, wannan karon a taƙaice. Ta bi karan da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, ta sake dawowa.

“Duk wanga?”

“Duk shi, Inna,” na ce. “Ruwa yak kwashe.”

“Ana iya maido ta?”

Na ce ana iya tare wadda ta rage. A jera duwatsu a gicciye, a dasa gamba, a daina yin kunyoyi suna bin gangare. Amma wadda ta tafi, ko jikokinsa ba za su ga ta dawo ba.

Inna ta riƙe karan. Ba mace ba ce mai ba ɗa haƙuri, kuma ba mu sa ran haka ba. Ta miƙa hannu ta laluba har ta samu kan Yaya, ta dafa.

“Riƙe gonakka,” ta ce. “Ba raggo kake ba.”

Na ɗauka zai yi murna, ni kam na ji sanyi a raina. Ya karɓi karan daga hannunta yana jujjuya shi.

“Da ma a ce ni ɗin raggo na, Inna,” ya ce. “Da baɗi sai in ƙara ƙwazo.”