Na Gane Ciwon Mijina a Ajin Horo

Lokacin da wannan abu ya same ni, ina aikin jinya a wani asibiti a Mubi, muna zaune a Yelwa da mijina da 'ya'yanmu mata biyu. Shi malamin sakandare ne, ɗan tudun Michika, mutum mai yawan raha. Tun kafin aurenmu nake tsokanarsa cewa bai iya yin fito da baki ba, kuma idan yana barci idanunsa ba sa rufuwa sosai, sai ya ce ai gadina yake yi. Da shekaru suka ja, ya daina rubutu a saman allo, ya koma farawa daga tsakiya, ya kuma daina ɗaga ƙaramar 'yarmu sama. Ni da nake aikin asibiti na ɗauka gajiya ce kawai.

Sai aka saka ni cikin ma'aikatan da za a horar kan wata cuta da ake gado, wadda take cinye ƙarfin tsoka a hankali. Likitoci masu bincike ne suka zo koya mana yadda za mu gane ta, mu tura mutum gwaji, mu kuma shiga ƙauyuka inda ake ce mata shan inna ko sammu. Wata rana likitar da ke koyarwa ta nuna hoton bayan wani mutum, ƙasusuwan kafaɗarsa sun turo waje, ta ce irin wannan nau'in daga fuska da kafaɗa yake farawa: mutum ba ya iya fito, ba ya rufe ido da kyau, hannu ba ya wuce kafaɗa. Wannan bayan na san shi, ni nake shafa masa mai. Ta ce har yanzu ba a samo maganin warkarwa ba, amma ciwon yakan tafi sannu a hankali, motsa jiki bisa shawara yana taimakawa, kuma yara suna iya ɗauka. Ta nanata mana cewa mai ciwo shi ne ya fi kowa haƙƙin sanin abin da ke jikinsa.

Na ji, amma da na koma gida bakina ya kasa. Maimakon in faɗa masa, sai na shiga karɓe komai daga hannunsa. Idan ya ɗauki bokiti in fizge, na hana shi hawa babur na ce ya riƙa shiga keke-napep, na sauko da kayansa daga saman wadrob. Yara kuma ina sa su kumbura kunci da sunan wasa, alhali dubansu nake yi. Watanni muka yi a haka, mutumin da ke cika gida da dariya ya koma shiru. Wata Lahadi bayan mun dawo daga coci ya zaunar da ni, ya kira ni Sista kamar yadda yake yi in yana so in saki fuska, ya tambaye ni ko ya tsufa ne a idona, ko kuwa laifi ya yi mini. Na fashe da kuka na faɗa masa komai.

Ya saurare ni har na gama. Daga baya ya ce ya jima da sanin hannayensa suna gudunsa, har sunkuyar da kai yake yi kafin ya taje gashi, yana ɓoyewa don kada ya ɗora mini damuwa. Ya ce sunan ciwon bai tsorata shi ba, sai ma sauƙi da ya ji. Abin da ya yi masa zafi shi ne na yanke hukunci a kan jikinsa ba tare da shi ba, kuma na yi ta kuka ni kaɗai yana nan kusa da ni.

Gwaji ya tabbatar da abin da na gani. Da masu binciken suka nemi izininsa ya shiga nazarinsu, ya yi musu tambayoyi irin na malamin makaranta har ya gamsu, sannan ya yarda. Game da yaran, likita ta ce mu faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, idan sun girma su zaɓi yin gwaji da kansu. Yanzu idan za mu wayar da kai a ƙauyukan Duvu, shi yake fara shiryawa. Yakan tsaya gaban manoma ya ɗaga hannu har inda ya tsaya, ya ce musu ba wanda ya yi masa asiri, kuma yana koyarwa, yana riƙe da gidansa. Bayan ya yi haka ne wata uwa ta fito mana da 'yarta da ta daɗe tana ɓoyewa a ɗaki.

Abin da na koya shi ne, horon da aka ba ni ya buɗe mini ido na gane cuta, amma faɗa wa wanda kake so ita sai da ƙarfin zuciya. Ina roƙon 'yan'uwana ma'aikatan lafiya da duk mai jinyar nasa: kada tausayi ya sa ku ɓoye wa mutum abin da ke jikinsa. Ku zauna da shi, ku faɗa masa, ku bar shi ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Ni na so in kare mijina, sai na kusa mayar da shi baƙo a gidansa.