Kular Umma Mai Ɗigo Uku

Ranar Lahadi da safe Umma ta zauna a ƙofar kicin tana sabunta shaidar kulolinta, ni ina riƙe mata kwalbar jan farce. Kowace mace a unguwarmu ta Coal Camp, a Enugu, tana da tata shaidar, don kada kwano ya ɓace a gidan biki. Ta Umma ɗigo uku ce ja, biyu a sama, ɗaya a ƙasa. Duk layinmu an san ta, har maƙwabtanmu Ibo, domin su ma sukan ara idan suna da taro.

Baba ya tafi Arewa sayen albasa. Mu biyar ne a gidan: Umma, Kaka mahaifiyar Baba, Yaya Nasiru, ni, da ƙaninmu Sadiku. Yaya yana waje yana wanke kekensa na haya. Obinna, ɗan maƙwabciyarmu, yana miƙa masa ruwa suna musun ƙwallo da yaren Ibo. Tare suka taso. Igiyar takalmin Obinna na dama shuɗiya ce. Yaya ne ya ciro ta daga tsohon takalminsa ya ba shi.

A lokacin an daɗe ana zaman gida duk ranar Litinin. Samarin da ke daji ne suka kafa dokar. Suna cewa ƙasar tasu ce, sojojin da aka jibge a tituna 'yan mamaya ne, kuma yaƙin da kakanninsu suka yi bai ƙare ba. Ba sa tsayawa a yi gaba da gaba. Sai su faɗo, su yi harbi, su ɓace. Daga baya sojoji su zo suna neman kowane saurayi. Mu ba ma zuwa makaranta ranar. Ba ma buɗe taga ma.

Akwai shingen sojoji a mahaɗar titi, ƙasa da layinmu. Wani kofur a cikinsu ya taɓa jin Umma tana Hausa, ya gaishe ta, ya ce rabonsa da miyar kuka tun da aka turo shi Kudu. Tun daga nan Umma take aika musu tuwo duk Lahadi. Ba sayarwa take ba. Cewa take, 'ya'yan wasu ne.

Kaka ba ta so. Tana yarinya a Enugu lokacin da aka shiga yaƙin basasa, a jirgin ƙasa suka tsira. Ta sha ba mu labarin wani mai shayi na layinsu da aka tsinci butarsa a wurin sojoji, aka zo da butar gida gida ana tambayar mai ita. A yammacin nan ma, da ta ga ana zuba tuwo, sai da ta yi magana.

"Maryama, ki ba su, Allah ya ba ki lada. Amma kada kwanonki ya kwana a hannun soja."

"Hajiya, to a leda zan zuba musu miya?"

Yaya ya kai kular bayan la'asar. Ya tarar ba su sauka daga aiki ba, ya bar ta. Ya ce zai ɗauko ranar Talata.

Litinin, bayan an idar da sallar asuba, gari ya yi shiru irin na kowace Litinin. Babu keke, babu mai tallan burodi. Ina jin ɗigar famfo a bokiti. Sai aka yi wata ƙara mai nauyi, kwanon rufinmu ya amsa. Sai harbi, daga wajen mahaɗa. Wani na fita ɗaya ɗaya, wani a jere kamar ana yaga atamfa. Sadiku ya shige ƙarƙashin gado, na bi shi. Daga can ƙafafun Kaka kawai nake gani a kan darduma. Ba su motsa ba.

Harbin bai daɗe ba. Da ya tsaya, karnuka suka ɗauka. Warin taya mai ƙonewa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Kaka ce ta fara magana. "Kular tana ina?"

Umma ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

Kaka ta dubi Yaya. "Nasiru, je ka ɗauko ta kafin a gan ta. Ka bi ta bayan gidaje, kada ka hau titi."

Umma ta kama hannun rigarsa. Ya ce, "Umma, yanzu zan dawo." Bai sa hula ba, don kada a gane shi. Riga mai lamba a baya ya sa, irin ta samarin garin. Ya fita ta ƙofar baya da silifas. Na ji tafiyarsa a kan katakon da aka ɗora a kwata, daga nan ban ƙara ji ba.

Rana ta fito. Ta hau kan katangar Mama Obinna, ta sauko tsakar gida. Aka sake yin harbi, gajere, sau biyu. Umma tana kiran wayar Yaya, wayar tana ƙara a aljihun wandon da ya rataye a ƙusa.

Wajen hantsi samarin dajin suka shigo layinmu. Ta tsagar taga na gan su. Sun rufe fuska da baƙin ƙyalle, wasu da bindiga, wasu da adda, ɗaya da jarka. Suna dukan ƙofofin gidajen Hausawa, suna ihu da yaren Ibo. Ni da Yaya muna jin yaren, Umma ba ta ji sosai. Ta tambaye ni da ido. Na ce, "Masu ciyar da soja suke nema."

Umma ta ɗauko kwaɗo. Kaka ta ƙwace shi. Ta ce a wancan yaƙin gidan da aka kulle shi aka fara ƙonawa, domin an san da mutane a ciki. Ta buɗe ƙofar zaure da kanta, ta bar ta a wangale, ta kifar da kujera a tsakar gida kamar an gudu tun tuni. Muka shige banɗaki mu huɗu, ta ja ƙofar.

Ƙasan ƙofar banɗakin a cinye yake. Ta nan na ga ƙafafu sun shigo. Mutum ɗaya ne. Ya tsaya kusa da kujerar. Takalmansa sun yi jar laka. Igiyar na dama shuɗiya ce.

Sadiku ya yi tari.

Ƙafafun suka juyo wajenmu. Suka tsaya. Ina jin zuciyar Umma a bayana. Sai ya ɗaga murya, ya ce wa na waje, "Ba kowa! Sun gudu!" Ya fita.

Shagon tela da ke jikin gidanmu suka cinna wa wuta. Iska ta kaɗo ta kan rufinmu. Silin ya fara ƙara kamar ana taka busasshen ganye. A lokacin ne aka buga katangar baya. Mama Obinna ce a kan turmi, kanta kawai ake gani.

"Ngwa ngwa! Maza ku hauro!"

Muka ɗaga Sadiku. Ni na bi. Kaka ta fi ba mu wuya, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, sai da Umma ta durƙusa ta taka bayanta. Umma ce ta ƙarshe. Sai da ta sake duba ƙofar baya.

Mama Obinna ta sa mu a kicin ɗinta. Ta cire mana hijabi, ta ɗaura wa Umma da Kaka zannuwanta da ɗankwali irin nasu na zuwa coci. Kaka ta sa muka cire silifas, ta ce ƙararsa tana tona asirin mai gudu. Ni aka tura can lungu, kusa da buhun garin rogo.

A nan na gan ta. Tana ƙarƙashin tebur, an rufe ta da tsumma, amma tsumman bai kai ƙasa ba. Gefe ɗaya ya yi baƙi da hayaƙi, hannun ya narke. Ɗigo uku, biyu a sama, ɗaya a ƙasa. A siminti kusa da ita akwai sawun jar laka, ya shiga, ya fita.

Na ɗaga kai. Mama Obinna tana kallona. Ta miƙa ƙafa a hankali ta ja tsumman ƙasa. Na kawar da kaina.

Bayan azahar motocin sojoji suka shigo unguwar, harbi ya koma ta can sama. Mama Obinna ta fitar da mu ta bayan cocinsu. Ita ce a gaba da kwando a kai, mu a baya kamar iyalinta. Mun bi ta cikin garejin makanikai, ta tsakanin matattun motoci. Ƙusa ta shige min a dunduniya, ban ji ba sai da na ga jini. A wani lungu mun wuce wani mutum a kwance, an rufe shi da kwali. Umma ta tsaya. Na duba ƙafarsa kafin ita, na ce, "Ba shi ba ne." Takalmi sau ciki ne a ƙafar.

A bayan kasuwar Ogbete akwai motar albasa ta abokin Baba, an sauke kaya, direban ya maƙale saboda zaman gida. Mutanen unguwarmu sun riga sun cika ta. Umma ta ƙi hawa. Ta ce ba ta tafiya ba Nasiru. Limamin masallacinmu ya ce shi yana nan, zai neme shi, ta tafi da yara. Maza biyu suka ɗaga Kaka. Mama Obinna ta juya ba sallama. Zannuwanta suna jikinmu.

An ja tamfol a kanmu. Bawon albasa yana shiga ido, kowa yana hawaye, ba a san na wane ne na kuka ba. A kowane shinge motar ta tsaya, mu yi shiru, mu ji direba yana magana. Wani wuri da Hausa, wani wuri da Turancin kasuwa. Da muka hau gadar Makurɗi aka yaye tamfol. Na ga ruwa. Kaka ta ce, "Nan ma muka bi wancan karon." Daga nan muka wuce Lafiya.

Baba ya same mu a Lafiya, gidan ƙanwarsa. Ranar Laraba liman ya kira. An ga Yaya a bayan wani shago, kusa da shingen. Bai kai ba, ko kuwa ya kai ya duba bai ga komai ba ya juyo. Babu wanda ya san harsashin wane ɓangare ne. Ga wasu Bahaushe ne, ga wasu saurayi ne a titi ranar Litinin. An yi masa sallah a can. Babu ɗayanmu a sahu.

Yanzu ina makaranta a Lafiya. Kaka takan ce, ko ba komai yaron ya yi abin da aka aike shi, tunda ba a zo ƙofarmu da kular ba. Da wannan take iya yin barci. Umma kuwa ba ta sake sayen jan farce ba. Ni kaɗai a cikinmu na san Obinna ya riga ya ɗauke kular daga shingen tun kafin Yaya ya taka katakon kwata, kuma ban gaya wa kowa a gidanmu ba.

Ni ke raba tuwon dare. A Coal Camp, idan Baba yana gari, kwano shida nake jerawa. Jiya ma sai da na jera shida, na mayar da ɗaya kafin Umma ta shigo.