Inna Baibai da rigunan da ba a juyawa

Kowace safiya, kafin ta fita, Inna takan tsaya bakin ƙofa ta shafa rigar jikinta ta tabbatar a baibai take: haɗin ɗinki a waje, kalmasa a waje, bakin zare na reto. Sai ta ɗauki gwangwaninta mai tsaga a murfi ta nufi layin teloli, inda shagonta yake. Ta daɗe tana haka har sunanta na gaskiya ya ɓace, yaro da babba sai Inna Baibai.

An sha cewa taɓin hankali ne. Ba shi ba ne, tarko ne. Duk wanda ya ce, "Inna, kin sa riga a baibai," ya shigo hannu.

"Na sani, ɗana," in ji ta. "Zauna ka ji dalili."

Dalilin kuwa ba daɗin ji. Akwai yaran da ake haifa da wata irin fata da ba ta jure taɓi. Gogar tabarma, rungumar uwa, ko haɗin ɗinkin riga ya isa ya tayar musu da bororo, fatar ta saɓule kamar an zuba ruwan zafi. Likita ya gaya mata ciwon ba shi da magani, sai dai kulawa, kuma sai an haifi dubbai kafin a samu ɗaya. Ɗanta na fari yana cikinsu, bai kai ga yaye ba. Tun daga nan take ɗinka wa irin waɗannan yara riguna da yadi mai laushi, babu roba, babu zif, babu maɓalli, kuma in ta gama ba ta juyawa. Abin da ya faɗa gwangwani shi ke sayen bandejin da ba ya manne wa ciwo.

Mai shayin bakin layi ya shaida ranar da ta tare wata motar haya, ta hana a sauke wata uwa da fasinjoji suka ce ɗanta zai shafa musu cuta. Ta ɗauki yaron a tafin hannu, ta kai kuncinta kusa da nasa, ta ce, "Ga ni nan, in ana ɗauka in fara ɗauka." Ungozomar asibitin unguwa ta ce Inna ce ta koya mata kada a ɗaga irin jaririn nan ta hammata. Inna, ke ce kika shiga gidajen da aka ɓoye yara a ƙuryar ɗaki don kunya, kika ce a fito da su su sha iska. Ke ce aka yi wa dariya, kika bar dariyar ta zama sallama.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma tana da ɗaci: mun saba. Yanzu Inna za ta ratsa kasuwa daga wannan baki zuwa wancan, babu mai tambaya. Gwangwanin ya koma ƙara kawai. Taron wayar da kai da ta kira a harabar makaranta, ta yi hayar kujeru, iyayen yaran ne kaɗai suka zo, su da sun riga sun sani. Ga idonta ya fara tafiya. Da farko ramin allura ya gagare ta, daga baya layin ɗinkin ma ya zama hazo.

A wannan hali ne aka karɓi 'Yar Ƙwai a makaranta. Yarinya ce mai surutu cikin masu irin fatar nan, ɗiyar wani direba, an sa mata sunan ne don yadda ake lallaɓa ta. Ba ta taɓa sa rigar da ba Inna ta ɗinka ba. Ana bukatar rigar makaranta, Inna kuwa ba ta ƙara yarda da idonta ba, sai ta kai yadin wurin telan da ke maƙwabtaka da ita, gwani ne kuma mutumin kirki.

"Don Allah, ɗana, in ka gama kada ka juya."

"Haba Inna, sau nawa za ki faɗa? Na ji."

Ya ji ɗin. Amma hannun tela ba ya shawara da kunne. Ya gama ɗinki cikin tarin aiki, ya juya rigar yadda ya saba juya kowace riga, ya goge ta tsaf, har ya manna alamar shagonsa a wuya. Direban ya biyo da sassafe ya karɓa a ninke, kakar yarinyar ta sa mata, uwar tana wurin aiki.

'Yar Ƙwai ta zauna a aji da rigar a jikinta har aka tashi. Da ta dawo, rigar ta manne da kafaɗunta da hammata da bayan wuya. Sai da aka jiƙa da ruwan ɗumi ana ɓamɓarewa a hankali, uwar tana kuka, Inna tana riƙe da kwano.

"Me ya sa ba ki faɗa wa malama ba, 'yar nan?" in ji Inna.

Yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Inna, yau ba wanda ya kalle ni. Rigata irin ta kowa ce."

Ciwon ya yi ruwa, an kwantar da ita a asibiti, har yau ba ta koma aji ba. Telan ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri, Inna ta ce ya tashi, ba mugunta ya yi ba. Amma ya rantse ba zai ƙara taɓa kayan yaran nan ba, sauran teloli ma kowa ya janye jiki don tsoro. Ƙarshen watan nan Inna za ta rufe shago, kuma babu wanda ya ce a bar masa keken ɗinkin.

Inna Baibai, uwar marasa fata, mun gode. Godiyar ta zo a makare kuma ba ta sayen bandeji, mun sani. Allah ya saka miki, ya yafe mana.

Ku kuma teloli, aikin nan ba wuya gare shi ba, ku gama ɗinki ku riƙe hannunku kawai. Sauranmu, gobe da safe za ta fito da rigarta a baibai da gwangwani a hannu, tana lalube da ƙafa. Ba ta ganin fuskokinmu yanzu, sai mun yi magana take sanin akwai mutum a wurin. Ku tsayar da ita ku ce, "Inna, kin sa riga a baibai." Ta daɗe tana jiran wani ya faɗa.